MARAICI DA HAƘURI: SHIN YIN SHIRU GA YARON DA AKA YI WA RASUWA JIN ƘAI NE?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, wanda ya tashi yana maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk gidan da aka yi rasuwa akan sami manya zaune a zaure da tsakar gida suna karɓar gaisuwa, masu ta'aziyya na shiga suna fita, ana yi wa mamaci addu'a, ana ba masu rai haƙuri. Amma akwai wanda sau da yawa ba a kan tuna da shi ba a wannan rana, shi ne ƙaramin yaron da uwarsa ko ubansa ne aka ɗauka. Akan tura shi maƙwabta, ko a ba shi kuɗin alewa a ce ya je ya yi wasa. In ya tambaya, sai a ce masa ai baba ya yi tafiya. Masu yin haka ba mugunta ce ta sa su ba, tausayi ne. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce, shin wannan tausayi yana amfanin yaron, ko kuwa manya ne ke sauƙaƙa wa kansu nauyin maganar da ba su iya furtawa? Akwai wani labari daga ƙasar Amurka da zai taimaka wajen auna wannan al'amari, watau labarin yadda aka fara kafa sansanonin da ake tara yaran da aka yi wa rasuwa.

ASALIN AL'AMARIN

A jihar Mishigan ta Amurka an yi wata yarinya wadda duniya ta sani daga baya da suna Lynne Hughes. Tana da shekara 9 mahaifiyarta ta rasu, tana da shekara 12 kuma mahaifinta ya bi ta. Ba ta rasa ci da sha ba, ba ta kuma rasa makaranta ba. Abin da ta rasa shi ne wanda za ta yi maganar iyayenta da shi, domin a cikin tsararrakinta ba ta san wani mai irin halinta ba, manya kuwa suna ganin ambaton mamatan zai fama mata ciwo. Inda ta riƙa samun sararin zuciya shi ne sansanin hutun bazara.

Shi wannan sansani tsohuwar al'ada ce ta Amurkawa. Tun cikin 1861 wani malamin makaranta mai suna Frederick Gunn ya fita da ɗalibansa suka yi zango a waje na 'yan kwanaki, daga nan abin ya yi ta yaɗuwa har ya zama a kowace bazara iyaye kan tura 'ya'yansu wani wuri a bayan gari, kusa da tafki ko kurmi, su kwana a bukkoki, su yi iyo da wasanni, a ƙarƙashin kulawar manya. Da yarinyar nan ta girma sai ta yi tunanin haɗa abu biyu, watau daɗin da yaro ke ji a sansani, da kuma damar da ita ba ta samu ba ta zama da waɗanda suka san zafin da ta sani. A cikin 1998 ita da mijinta suka kafa ƙungiyar da ake kira Comfort Zone Camp a birnin Richmond na jihar Birjiniya, ma'anar sunan kuwa sansanin samun natsuwa. A 1999 aka yi taron farko da yara kaɗan.

Ba ita ce ta fara lura da wannan giɓi ba. Tun a 1982 wata ma'aikaciyar jinya, Beverly Chappell, ta buɗe wata cibiya a birnin Potland na jihar Oregon, inda yaran da aka yi wa rasuwa ke haɗuwa suna tattaunawa. Ta sa wa cibiyar sunan wani yaro, Dougy, wanda ƙari a ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa yana da shekara 13, kuma kafin rasuwarsa ya riƙa yi wa manya tambayoyin da suke gudu game da mutuwa. A Ingila ma, cikin 1992, wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Julie Stokes, ta kafa ƙungiyar Winston's Wish a yankin Gulosta, wadda ita ma ta riƙa kai yara zangon ƙarshen mako. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taso ne daga abu guda: an ga yara suna ɗauke da kaya mai nauyi, ba wanda ya ce su sauke.

YADDA AKE GUDANAR DA SHI

Tsarin sansanin na Birjiniya ba shi da wuyar fahimta. Ana karɓar yara daga shekara 7 zuwa 17 waɗanda suka rasa uwa ko uba, ko ɗan'uwa na jini, ko mai riƙonsu. Ba a karɓar ko kwabo daga iyalansu, da gudummawar jama'a ake tafiyar da komai. Akan zo ran Juma'a a tashi ran Lahadi. Kowane yaro ana haɗa shi da babban mutum guda, ɗan sa kai, wanda aka bincika halinsa aka kuma horar da shi, shi zai zame masa aboki har a watse. Da yawa daga cikin waɗannan manya su ma sun ɗanɗani maraici suna ƙanana. Akan raba yaran rukuni-rukuni bisa ga shekarunsu, su zauna a da'ira tare da ƙwararre, kowa ya ba da labarin wanda ya rasa in ya ga dama, ya nuna hotonsa, ya faɗi abin da ya fi tunawa da shi. Wanda bai so magana ba, ba a tilasta masa. Tsakanin zama da zama kuwa wasa ne da tsalle-tsalle da dariya, kamar kowane sansanin yara. A rana ta ƙarshe akan yi taron tunawa da mamatan, iyayen da suka rage su halarta.

Bunƙasar ƙungiyar ta zo ne ta hanyar wata babbar masifa. Ran 11 ga Satumba, 2001, aka kai harin da ya hallaka mutum kusan 3,000 a Niyok da Washinton da Fensilbeniya, yara wajen 3,000 suka wayi gari ba uwa ko ba uba. Cikin 'yan watanni ƙungiyar ta ɗauki aikinta ta kai yankin Niyok da Niyu Jasi domin waɗannan yara. Daga nan sunanta ya fita, ta buɗe sansanoni a wasu jihohi, har da Kalifoniya da Masacuset. Daga baya kuma ta ware taro na musamman ga yaran da nasu suka kashe kansu, ko ƙwaya ta kashe su, domin irin waɗannan yara kunya takan haɗu da baƙin cikinsu ta rufe musu baki. A 2020, da annobar korona ta hana taruwa, sai aka koma haɗa yaran ta intanet.

A ɗaya gefen ƙasar kuma, a jihar Washinton, wani shahararren ɗan wasan ƙwallon sanda, Jamie Moyer, da matarsa ta lokacin, Karen, sun san wata yarinya mai suna Erin wadda ciwon dajin hanta ya kashe a shekara ta 2000 tana da shekara 17. Tana kwance tana jinya amma damuwarta ita ce halin da 'yan'uwanta za su shiga bayanta. A 2002 suka buɗe sansani na farko da sunanta a yankin Everett, tare da wata ƙungiyar masu jinyar waɗanda ajali ya gabato. Wannan ma ya yaɗu zuwa jihohi masu yawa, kyauta, kuma a 2018 gidauniyar ta sake suna zuwa Eluna.

ME YA SA AKA DAƊE BA A LURA BA?

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi ƙasa mai yawan likitoci da makarantu ta kai ƙarshen ƙarni na 20 kafin ta gane abin da ke bayyane haka? Dalili na farko shi ne, wasu manyan masana halayyar ɗan Adam na can sun daɗe suna koyar da cewa ƙaramin yaro ba ya iya yin baƙin cikin rashi na sosai sai ya kusa balaga. Likitan nan na Ingila, John Bowlby, shi ne ya tashi tsaye a 1960 ya yi musun wannan, ya nuna cewa ko yaron goye in an raba shi da uwarsa yakan yi bore, sa'an nan ya fid da rai, sa'an nan ya janye jikinsa daga mutane, kuma wannan makoki ne ko da ba shi da bakin faɗa. Tun kafin shi, a 1948, wata masaniya 'yar ƙasar Hangari, Maria Nagy, ta bincika yadda yara ke fahimtar mutuwa, ta ga cewa 'yan ƙasa da shekara 5 sukan ɗauke ta kamar barci ko tafiya da za a dawo, sai wajen shekara 9 yawancinsu ke gane cewa ba dawowa, kuma kowa zai ɗanɗana.

Dalili na biyu shi ne mutuwa ta bar gida ta koma asibiti. A da, a Turai da Amurka, mutum kan cika a ɗakinsa, iyalinsa na kewaye da shi, maƙwabta su wanke shi, a yi zaman makoki. Da zamani ya juya, sai kamfanoni suka karɓi aikin jana'iza, dangi suka warwatsu garuruwa, al'adun makoki suka zube. Wani masani Baturen Ingila, Geoffrey Gorer, ya rubuta a 1965 cewa mutanen ƙasarsa sun mai da makoki abin kunya da ake ɓoyewa. To, al'ummar da manyanta ba su da wurin kuka, ina yaranta za su samu? Saboda haka sansanin nan, in an duba da kyau, ƙoƙari ne na sake gina abin da ya rushe, baƙi suna yin aikin da dangi da maƙwabta suka saba yi.

Yaudarar da yaro ke yi wa manya, ba da saninsa ba, ita ce wasansa. Babba in baƙin ciki ya kama shi yakan zauna a cikinsa kwana da kwanaki. Yaro kuwa yakan shiga ya fita, yanzu yana kuka, an jima yana guje-guje da tsararrakinsa. Sai manya su ce ai ya manta. Alhali kuwa abin yana fitowa ta wasu ƙofofi: fitsarin kwance bayan ya daina, faɗa a makaranta, koma-baya a karatu, tsoron kada wanda ya rage shi ma ya mutu, da zargin kansa cewa rashin jinsa ne ya kashe mahaifiyarsa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

HAƘURI DA HAWAYE

A nan ne Musulmi zai tsaya ya yi tambaya ta gaskiya. Addini ya yi umurni da haƙuri da yarda da ƙaddara, ya kuma hana kururuwa da yage tufafi da marin fuska. Ya iyakance zaman makoki ga kwana 3, in ban da matar da mijinta ya rasu, wadda za ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Ashe tara yara bayan wata shida ko shekara biyu a ce su tuno mamatansu har su yi kuka, bai zama tono abin da shari'a ta ce a binne ba?

Amsar tana cikin tarihin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mahaifinsa ya rasu tun ba a haife shi ba, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa'i yana da shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya rasu yana da shekara 8. Bayan shekaru masu yawa, yana Annabi, ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har waɗanda ke tare da shi suka yi kuka. Sa'ad da ɗansa Ibrahim yake cikawa a hannunsa idanunsa sun zub da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya bayyana masa cewa wannan rahama ce, kuma abin da ake tsarewa shi ne harshe, kada ya furta abin da Ubangiji ba Ya so. Bai daina ambaton Nana Khadija ba bayan rasuwarta, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Alƙur'ani kuma ya ba da labarin Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya kai idanunsa suka yi fari, amma duk da haka yana cikin masu kyakkyawan haƙuri, domin ga Allah ya kai kukansa.

Daga wannan ake gane cewa iyakar kwana uku ta shafi zaman makoki na zahiri, watau barin ado da dakatar da harkokin yau da kullum. Ba a ɗora wa zuciya cewa ta warke ran na huɗu ba, gama Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ba shi da iko a kai. Haƙuri shi ne tsare harshe daga saɓo, da tsare gaɓoɓi daga aikin jahiliyya, da tsare zuciya daga fushi da hukuncin Allah. Mutum na iya cika waɗannan duka hawaye na zuba a fuskarsa. Yaron da aka daka wa tsawa aka ce ya yi shiru kada ya ƙona mamaci da hawayensa, tsoro aka koya masa, kuma aka ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Game da yara musamman, akwai misalai biyu. A shekara ta 8 bayan hijira aka yi yaƙin Mu'uta, inda Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada. Manzon Allah da kansa ya tafi gidansa, ya sa aka kawo masa 'ya'yansa ƙanana, ya rungume su yana hawaye, aka sanar da iyalin gaskiyar abin da ya faru. Ya umurci a dafa musu abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Bayan kwana uku ya koma, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski, ya yi musu addu'a, ya kwantar da hankalin mahaifiyarsu game da tsoron talauci. Ba a ɓoye musu ba, ba a kuma bar su su kaɗai ba. Misali na biyu ya fi wannan ƙanƙanta amma darasinsa babba ne. Anas ɗan Maliku yana da ƙane da ake yi wa alkunya da Abu Umairu, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya yi zugum. Manzon Allah ya lura, ya tambayi dalili, ya kira yaron da alkunyarsa kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Wanda ya ɗauki baƙin cikin yaro a kan tsuntsu abin tambaya, yaya zai ɗauki baƙin cikinsa a kan uwa?

INDA SANSANI YA GAZA

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Kwana uku a bakin tafki ba su warkar da maraici, su ma masu sansanonin ba su ce suna warkarwa ba. A jami'ar Harvard, William Worden da Phyllis Silverman sun bi diddigin yara 125 na yankin Boston da suka rasa uwa ko uba har tsawon shekara biyu, sakamakon ya fito a littafi a 1996. Sun gano cewa babban abin da ke nuna yadda yaro zai kasance shi ne halin wanda ya rage yana riƙonsa. In uwar da aka bari ta samu mai tallafa mata, gida ya zauna da tsarinsa, yaro yakan miƙe. In ta durƙushe, shi ma yakan durƙushe. Sun kuma ga cewa wasu yaran ba a ganin damuwarsu a shekarar farko, sai a ta biyu, lokacin da masu gaisuwa suka daɗe da watsewa. A 2007 wasu masana suka tattara binciken da aka yi kan shirye-shiryen taimakon yara masu makoki, suka ga amfanin da aka iya aunawa bai kai yadda ake zato ba, sai dai ya fi bayyana ga yaran da damuwarsu ta yi tsanani. Shirin da ya nuna amfani mai ɗorewa shi ne irin wanda Irwin Sandler ya tsara a jami'ar jihar Arizona, wanda ke koyar da yaro da mai riƙonsa tare, aka kuma bi yaran shekaru bayan haka aka ga alherinsa.

Har ila yau akwai haɗarin da ke tattare da mai da kowane baƙin ciki cuta, har dangi su ɗauka cewa ta'azantar da yaro aikin ƙwararru ne, su nannaɗe hannu. Yawancin marayu ba likita suke bukata ba, suna bukatar kawu da gwaggo waɗanda ba za su ɗauke ƙafa bayan sadakar arba'in ba. Kuma akwai wasu al'adun da ake yi a irin waɗannan sansanoni, kamar rubuta wa mamaci takarda a jefa a wuta, waɗanda suka dace da mutanen da suka ƙago su, Musulmi kuwa yana da abin da ya ishe shi. An buɗe wa ɗa ƙofar yi wa iyayensa addu'a da neman gafara, da yin sadaka a madadinsu, da ziyartar kabarinsu, da sada zumunci da abokansu. Abin lura shi ne, binciken na Harvard ya nuna cewa yara da yawa sukan ci gaba da riƙe alaƙa da mamacinsu a zuci, suna tuna shi, suna ajiye kayansa, suna auna ko zai ji daɗin halinsu, kuma wannan ba cuta ba ce. Yaron da aka koya wa ɗaga hannu ya roƙa wa mahaifinsa rahama bayan kowace salla an ba shi aikin yi da ƙaunar da ta rage a zuciyarsa.

To, in haka ne, mene ne sansanin ke bayarwa wanda ya sa iyalai ke komawa? Abu ne guda wanda gida ba ya iya bayarwa ko da gidan na kirki ne, shi ne tsara mai irin ciwonka. A gida yaro yakan ɓoye hawayensa don kada ya sa mahaifiyarsa kuka. A makaranta yakan ɓoye don kada a nuna shi da yatsa. A wurin da kowa maraya ne, babu abin ɓoyewa. Yana kuma ganin babban mutum lafiyayye, mai aiki da iyali, wanda ya ce masa shi ma yana da shekara goma aka binne mahaifinsa. Wannan gani ya fi dogon wa'azi shiga zuciyar yaro, domin gani ya kori ji.

HUKUNCIN TAMBAYAR

Idan aka koma ga tambayar farko, za a ga cewa ɓoye wa yaro mutuwa yana da aibi uku. Na farko ƙarya ce, kuma Manzon Allah ya yi gargaɗi ko a kan uwa ta kira ɗanta da alkawarin ba shi abin da ba ta da niyyar bayarwa. Na biyu, yaron da aka ce wa uba ya yi tafiya zai zauna jiran dawowarsa, in ya ga shiru sai ya ɗauka gudunsa aka yi. Na uku, ran da ya ji gaskiya a bakin yaran unguwa zai yi rashi biyu, rashin uba da rashin amincewa da waɗanda suka rage. Jin ƙai na gaskiya shi ne a gaya masa da kalmomin da hankalinsa zai ɗauka, a bakin wanda ya fi yarda da shi, a amsa tambayarsa ko sau nawa ya maimaita ta, a tabbatar masa ba laifinsa ba ne, a kuma gaya masa wanda zai riƙe shi da inda zai kwana.

Wannan magana ba ta Amurkawa kaɗai ba ce. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2022 ya nuna cewa yara fiye da miliyan 10 a duniya sun rasa uwa ko uba ko mai riƙonsu ta dalilin annobar korona. A arewa maso gabashin Nijeriya kuwa rikicin Boko Haram ya bar marayu masu yawan gaske. A Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a 2007, wadda daga baya ta riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga ɓangarorin biyu suna zama a aji ɗaya, har Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Ciyar da maraya da tufatar da shi da tsare dukiyarsa wajibai ne da kowa ya sani, ana kuma yawan wa'azi a kansu. Amma Alƙur'ani bai tsaya ga hana cin dukiyar maraya ba, ya hana a ƙuntata masa, ya zargi masu ƙin girmama shi, waɗannan kuwa al'amuran zuciya ne. Ana iya ƙosar da cikin yaro a bar shi da yunwar wanda zai ambaci sunan mahaifiyarsa a gabansa.

Ba lalle sai an gina bukkoki a bakin tafki ba. Makarantar Islamiyya da ta san marayun cikinta, malamin da zai ware musu sa'a guda a wata su zauna su yi hira da addu'a, kwamitin masallaci da zai haɗa kowane maraya na unguwa da dattijo amintacce mai leƙa shi, tare da sanin mai riƙonsa, da maƙwabtan da za su tallafi gwauruwar da aka bari da 'ya'ya, waɗannan duka suna cikin ikon talakawa. Inda kuma aka ga damuwar yaro ta wuce misali, ya daina ci ko barci, ko yana zancen bin mamaci, to sai a kai shi ga likita ba tare da jin kunya ba.

Yarinyar Mishigan ta yi shekaru tana neman wanda zai tambaye ta labarin iyayenta ba ta samu ba, da ta girma sai ta mai da wannan rashi ya zama alheri ga dubban yara. Wanda yake da maraya a gidansa ko a maƙwabtansa ba ya bukatar jiran shekaru. Zumunta a ƙafa take. Ya je ya zauna kusa da yaron, ya ambaci mamacin da alheri, ya ba shi labarin wani kirki da ya san shi da shi, sa'an nan ya yi shiru ya saurara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya raya abin da suka bari, Ya sanya tausayin marayu a zukatan masu riƙonsu. Amin.